Daga Teburin Akawu: Yadda Ake Muhawara da Jefa Ƙuri'a a Majalisar Jiha

Shekaru na yi ina zama a teburin da ke gaban kujerar kakaki a majalisar dokokin jiharmu, wurin da akawun majalisa da mataimakansa suke. Aikinmu shirya jadawalin zama, karɓar gyare-gyare, ƙirga mambobi, da rubuta abin da aka zartar. Mai kallo daga benen baƙi yana ganin ana tashi ana magana, guduma tana sauka. Mu da ke ƙasa hankalinmu yana kan mutum nawa ne a zaure, wace takarda ce a hannunsu, kuma me aka rubuta bayan gudumar ta sauka. Yawancin dokokin da na ga sun lalace, a ɗaya daga cikin waɗannan ukun aka yi sake.

Tun kafin kakaki ya shigo muke fara ƙirga kai. Sashe na 91 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce majalisar jiha ba za ta gaza mambobi 24 ba, ba za ta wuce 40 ba. Kano da Legas suna da 40. Sashe na 96 ya ce sai da kashi ɗaya cikin uku na dukkan mambobi zama zai halatta, wato 8 a majalisa mai mutum 24, 14 a mai mutum 40, domin ba a raba mutum gida biyu, sai a cike lissafin zuwa sama. Rajistar halarta ba ta isa hujja ba. Mutum yakan sa hannu da safe, a tashi sallar azahar bai dawo ba. Shi ya sa nake sake ƙirgawa duk lokacin da za a yanke wani abu, in rubuta adadin da lokacin a gefen takardata. Idan wani mamba ya tashi ya ce ba a cika ba, ana ƙirga waɗanda ke nan ban da mai jagorantar zaman, a ɗan jira, in har yanzu ba su kai ba dole a ɗage. Duk mai bin lamarin majalisa ya riƙe wannan lissafin a ransa: a zauren mutum 40, mutum 14 na iya zama, 8 daga cikinsu su yi dokar da za ta hau kan miliyoyin jama'a.

Sandar majalisa tana shigowa gaban kakaki, a ɗora ta a kan tebur, a yi addu'a, sannan a amince da rahoton zaman da ya gabata. Mambobi sukan ɗauki wannan matakin da wasa, su ce an amince ba tare da sun buɗe shafin ba. Alhali wannan rahoton shi kotu za ta nema ranar da aka yi jayayya. In an rubuta naira miliyan 50 a inda aka zartar da miliyan 5, wannan ce dama mafi sauƙi ta gyarawa.

Akwai abin da jama'a ke yawan ruɗewa a kai, har da wasu sababbin mambobi. Ƙudirin da mamba ya kawo cewa a gyara gadar garinsu, aka goya masa baya, aka amince, matsaya ce kawai ta majalisa. Za mu rubuta wasiƙa zuwa ɓangaren zartarwa, su kuma suna iya ajiye ta a aljihun tebur ba su karya wata doka ba. Abin da ke ɗaure gwamnati shi ne ƙudirin doka da ya bi matakansa aka sa masa hannu, ko layin da aka saka cikin kasafin kuɗi. Mutanen mazaɓa su ji a rediyo an amince, su yi ta jiran tirela da siminti.

Ƙudirin doka yana zuwa ne daga gwamna, wanda shugaban masu rinjaye ke gabatarwa, ko daga mamba. Tambayar farko da muke yi masa ita ce ko majalisar jiha tana da hurumi a kan maganar. 'Yan sanda, kuɗin ƙasa, kwastan da ma'adinai na tarayya ne zalla. A abubuwan da aka yi tarayya a kansu, in dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, sashe na 4 ya ce ta tarayya ce ke sama. Jerin kuma yana sauyawa: gyaran kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya buɗe wa jihohi ƙofar jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali, ya kuma faɗaɗa ikonsu a kan wutar lantarki. Wanda ke aiki da tsohon bugun kundin zai ba da shawarar da ta riga ta tsufa.

Karatu na ɗaya ba komai ba ne illa akawu ya karanta sunan ƙudirin. A karatu na biyu ake muhawara, kuma a kan manufar dokar kaɗai: ana buƙatarta, me za ta magance, nawa za ta ci. Matsalar da na fi gani ita ce raba kwafin ƙudirin a safiyar ranar muhawara. Takarda mai shafi 60 a hannun mutum minti goma kafin a kira shi, me zai ce in ba yabon wanda ya kawo ta ba? Inda aka raba kwafi mako guda kafin lokaci, muhawarar takan sauya kama gaba ɗaya, sai ka ji mamba yana ambaton sashe da lambarsa.

Ga kuma maganar harshe, wadda ta fi damuna. Sashe na 97 ya ce da Turanci ake gudanar da aikin majalisa, amma ana iya ƙara wani harshen jihar in majalisa ta amince. A arewa, da zarar magana ta yi zafi Hausa ake komawa, kuma nan ne ake jin ainihin abin da ke zuciyar mutane. Sai dai ƙudirin da Turanci aka rubuta shi. Mamba zai tsaya ya ce wannan doka ta wajabta wa gwamnati ta ba asibitocin karkara magani, kowa ya gyaɗa kai, alhali kalmar da ke cikin sashen tana nufin "tana iya" ne, ba "dole ne" ba. Kalma ɗaya ce tsakaninsu, amma ɗaya tana ba talaka damar kai ƙara, ɗayar tana ba kwamishina damar yin shiru. Na koyi ja wa duk irin waɗannan kalmomi layi da jan biro kafin ƙudiri ya tafi kwamiti, in nuna wa shugaban kwamitin ɗaya bayan ɗaya.

A kwamiti ake dafa tuwon, zaure wurin kwasa ne kawai. Kwamiti yana da mutum kaɗan, yana iya kiran ma'aikata, ya nemi takardu, ya shirya zaman jin ra'ayin jama'a. Wannan zaman yakan mutu tun a wurin sanarwa. A sanar kwana biyu kafin ranar, a gayyato daraktocin ma'aikatar da ita ce ta rubuta ƙudirin, su zo su ce yana da kyau. Dokar kasuwa ce, amma babu ɗan kasuwa a ɗakin. Abin da na ga yana aiki shi ne sanarwar mako biyu a rediyo da Hausa, taƙaitaccen bayanin ƙudirin a shafi biyu, da wasiƙa kai tsaye zuwa ga ƙungiyoyin da abin zai taɓa, ko direbobi ne, ko malaman makaranta, ko masu unguwanni. Su ne ke gano abin da lauya bai gani ba, kamar wa'adin yin rajista na kwana 30 da zai faɗo a tsakiyar damina lokacin da kowa yana gona.

Akwai wurare huɗu ko biyar da nake dubawa a kowane ƙudiri, domin nan ɓaraka ke ɓuya. Sashen ma'anar kalmomi, ko ya fassara duk kalmar da aka ɗora hukunci a kanta. Sashen soke tsohuwar doka, domin in an manta da shi za a wayi gari da dokoki biyu a kan abu guda, kowace hukuma ta riƙe wadda ta fi mata daɗi. Ranar fara aiki. Makomar ma'aikata, kadarori da basussukan hukumar da ake rushewa. Sai kuɗin tara: adadin da aka rubuta yau yana tsoratarwa, bayan shekara goma ya zama kuɗin shayi, don haka gara a ba da hanyar sabunta shi. Kuma in dokar ta kafa sabuwar hukuma ba a faɗi inda albashinta zai fito ba, an haifi maraya.

Idan rahoton kwamiti ya dawo, majalisa takan rikiɗe ta zama kwamitin kowa da kowa. Kakaki ya sauko daga kujerarsa ya zama shugaban kwamiti, a sauke sanda zuwa ƙasan tebur, a bi ƙudirin sashe bayan sashe. Nan ne teburinmu ke shan wuya. Mamba ya miƙe ya kawo gyara da baki, wani ya gyara gyaran, a amince, kowa ya tafi da fahimtarsa daban. Dokata a nan ɗaya ce: kafin a tambayi zaure, a miƙo gyaran a rubuce, akawu ya karanta shi da ƙarfi kamar yadda zai zauna a cikin doka. Minti biyu yake ci. Sannan duk sashen da aka cire ko aka ƙara yana tura lambobin da ke bayansa, sai ka tarar sashen hukunci yana nuni ga sashe na 14 alhali laifin ya koma na 15. Da daddare muke bin waɗannan, mutum biyu, ɗaya na karantawa ɗaya na dubawa.

Dokokin zaman majalisa sun yarda a jingine ƙa'ida a yi karatu uku cikin gaggawa, kuma akwai ranar da hakan ke da amfani, kamar lokacin ambaliya ko annoba. Amma gaggawa tana da farashi. Dokar masarautun Kano ta watan Mayun 2019, wadda ta ƙirƙiro Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye, cikin 'yan kwanaki aka gama ta. A watan Nuwamba babbar kotun jihar ta rushe ta a kan hanyar da aka bi, sai da aka sake yin wata a watan Disamba. Ranar 23 ga Mayun 2024 majalisa ta soke dokar, gwamna ya sa hannu a ranar, shari'a kuma ta sake ɓarkewa. Ko wane ɓangare mutum yake, zai ga cewa kwanakin da aka tsallake a zaure an biya su da watanni a kotu.

Ita kanta ƙuri'ar, yawanci da murya ake yin ta. Kakaki ya ce masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, ya yanke da kunnensa, ya buga guduma. Ga ƙananan abubuwa babu laifi. Illarta biyu ce: mutum biyar masu ƙarfin murya suna iya rufe goma, kuma babu inda aka rubuta wane ne ya zaɓi me. Mamba na iya yin shiru a zaure ya koma gida ya ce ya yi faɗa. Maganin shi ne a nemi a ƙirga, kuma nan take, kafin a wuce zuwa abu na gaba, in an wuce an wuce ke nan. A lokacin muke kiran suna ɗaya bayan ɗaya, mu rubuta amsar kowa. Sashe na 98 ya ce rinjaye na waɗanda ke nan suka kuma jefa ƙuri'a ne ke yanke magana, kakaki ba ya jefawa sai an yi kunnen doki. Gaskiyar da kowa a gidan ya sani ita ce yawancin ƙuri'u an gama su tun daren jiya a taron jam'iyya, ko a zaman sirri da aka fitar da 'yan jarida. Ban ga aibu a sulhu ba, majalisa ba ta tafiya sai da shi. Abin da nake so shi ne bayan sulhun kowa ya fito ya faɗi matsayinsa da sunansa.

Duk abin da kundi ya ce sai da kashi biyu cikin uku, kada a kuskura a yi shi da murya. Tsige kakaki, tsige gwamna a ƙarƙashin sashe na 188, da ƙetare ƙin sa hannun gwamna, duka suna buƙatar adadi a rubuce: 16 cikin 24, 27 cikin 40. Ni da dukkan kujerun majalisa nake lissafawa, ba da waɗanda suka zo ba. A Oyo, a watan Janairun 2006, mambobi 18 cikin 32 ne suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja, bayan zaman da suka yi a wani otal a Ibadan. Kafin shekarar ta ƙare Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa tsigewar ba ta halatta ba, ya koma kujerarsa.

Bayan karatu na uku mukan fitar da kwafi mai tsabta, akawu ya tabbatar da sa hannunsa cewa shi ne abin da aka zartar, a kai gidan gwamnati. Mai kai takardar kada ya dawo sai da hatimin karɓa mai ɗauke da kwanan wata, domin daga ranar ake ƙirga kwana 30 da sashe na 100 ya ba gwamna ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, majalisa na iya sake zartar da ƙudirin da kashi biyu cikin uku ya zama doka ba tare da shi ba. In ya sa, saura bugawa a gazet, wato jaridar hukuma da ake wallafa dokoki a cikinta, matakin da ake yawan mantawa, har alƙali ya nemi kwafin dokar ya rasa.

Kasafin kuɗi yana bin wannan hanyar, sai dai kowace ma'aikata tana zuwa gaban kwamitinta ta kare nata. Tambayar da ta fi amfani a wurin ita ce nawa aka saki daga abin da aka ware bara, ba nawa ake nema bana ba. In sabuwar shekara ta shigo ba a gama ba, sashe na 122 ya ba gwamna damar ci gaba da kashe kuɗi har wata shida gwargwadon kasafin da ya wuce, don haka jan ƙafa bai cika matsa wa gwamna yadda mambobi ke zato ba.

Wanda ke son ya taɓa wata doka tun tana ƙudiri, ya nemi sakataren kwamitin da aka miƙa wa ita da zarar an yi karatu na biyu. Ya karɓi kwafi, ya rubuta shafi ɗaya ko biyu, ya ambaci lambar sashen, ya rubuta kalmomin da yake so a cire da waɗanda yake so a saka a madadinsu, ya kai kwafi biyu a buga masa hatimi a ɗaya. Irin wannan takardar ce muke ɗauka kai tsaye mu saka cikin rahoton kwamiti.