Gwaggo ta ce ba ni da tausayi

Safiya dai lafiya lau muka tashi. Hajiya, mahaifiyarmu da aka yi wa tiyatar karayar ƙugu, ta sha kununta da ƙosai, har da tsokanar Auta wai ta kusa riga shi zuwa zaure. Kafinta ya kawo kujerar da muka ce ya ƙara wa ƙafafunta tsawo, ta yi daidai, yanzu in ta zauna gwiwarta ba ta ɗara ƙugu ba, abin da mai gashi, wato ma'aikacin gashin ƙashi, ke ta nanata mana kenan tun ranar sallama daga asibiti. Kar ta zauna ƙasa, kar ta harɗe ƙafa, kar ta duƙa ɗaukar abu, aƙalla sati 6 na farko, don kar ƙarfen da aka sa mata ya goce.

Bayan la'asar Gwaggo ta iso daga Daura, da man shanunta a kwalba da ƙullin kuka. Ta tarar da mu tsakar gida muna tafiyar yamma. Wanda bai taɓa gani ba dole abin ya ba shi tsoro, na sani. Hajiya riƙe da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu har jijiyoyin hannunta sun fito, ta tura shi gaba, ta jawo ƙafar da aka yi wa aiki, sannan mai lafiyar, ga zufa a goshinta duk da sanyin hunturun nan, ni kuma ina gefenta ta baya kaɗan hannuna kusa da bayanta. Daga ƙofar ɗaki zuwa gindin randa ne kawai fa mu dawo.

Gwaggo ko gaisawa ba mu yi ba ta hau salati. "Haba 'yar nan! Tsohuwa da ƙarfe a jiki kike jan ta haka? Mu da muka sani in mutum ya karye mai ɗori ya ɗaure shi, a kwantar da shi sai ƙashi ya kama. Ke kam ba ki da tausayi."

Na ce Gwaggo ki yi haƙuri, ba ra'ayina ba ne, a asibitin ma washegarin tiyata suka tsayar da ita da ƙafarta. Na yi mata bayani yadda aka yi mani, cewa karayar ƙugu a wajen tsofaffi kwanciyar ce abin tsoro, jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa ya ɓalle ya tafi huhu, ga ciwon haƙarƙari, ga gyambon kwanciya a baya da dunduniya, kuma naman cinya zubewa yake da sauri in ba a motsa shi, mutum ya zo tashi ya kasa. Ta taɓe baki ta ce su likitocin ai ba uwarsu ba ce.

Duk wannan da sauƙi. Hajiya ce ta ɗago tana haki ta ce, "Bar ta Gwaggonsu, haka take mani kullum."

Wallahi tun ɗazu nake juya maganar nan. Ƙarata ta kai, ko kare ni take? Muryarta ba ta nuna ba, kuma ba ta kalle ni ba. Ni na san akwai ciwo. Ni ke jin nishinta da daddare in zan gyara mata filon da ke tsakanin cinyoyinta, ni ke ɗora ta kan kujerar bayan gida tunda masai na tsuguno ya haramta gare ta, ni ke duba bayanta da dunduniyarta da tocila ko wani wuri ya yi ja. 'Yan dubiya Allah Ya saka masu da alheri, su zo su ce sannu, su ce Allah Ya sa kaffara ne, su tura ɗan abin da ya samu ƙarƙashin filo su tafi, kowa ya fita da farin jini. Mai cewa "Hajiya tashi" sau da yawa a rana ita ce mugu. Kuma in na sassauta ta zauna ta daina takawa gaba ɗaya, su ɗin nan ne za su ce ba a kula da ita ba.

Ba a jima ba kuma Gwaggo ta shimfiɗa tabarma ta ce wa Hajiya sauko nan mu yi hira kamar da, na sake cewa a'a. Na ga yadda Hajiya ta kalli tabarmar. Ita abin da ya fi damunta ma sujada ce, Malam ya gaya mata sallar zaune ta halatta ga mara lafiya kuma ladanta na nan, ta ce ta sani, amma goshinta na kewar ƙasa.

Yaya ya kira daga Kaduna, kuɗin magani ya shigo. Auta ya tafi kemis wajen Ƙofar Ƙaura, ya dawo da komai. An ɗauke wuta tun magariba.

Gwaggo kwana za ta yi, suna ɗaki yanzu ina jin dariyarsu, na ji daɗin hakan har raina don Hajiya ta kwana biyu ba ta yi irin ta ba. Gobe ƙarfe 10 mai gashi zai zo, zan roƙe shi ya yi wa Gwaggo bayani da bakinsa, kuma in so samu ne ita za ta tsaya gefen Hajiya a tafiyar safe.