Ruwan daɗi ma yana kisa idan aka juye shi inda ba wurinsa ba

Tun da na fara bibiyar maganar tafkin Okeechobee na jihar Fulorida a Amurka abin ya tsaya min a rai wallahi, dan ni a da ban taɓa kawo wa raina cewa ruwan daɗi, wannan dai da muke sha, zai iya zama bala'i ga halittun ruwa ba. Ashe yana iyawa.

Inda kogi ke haɗuwa da teku ruwan wurin gauraye ne, gishirinsa daidai wa daida, kuma a wannan gaurayen ne kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo biyu) da kaguwa da jatan lande da ƙananan kifaye ke girma, ga ciyawar ƙarƙashin ruwa da ayu ke ci. Kowannensu akwai iya gishirin da jikinsa ya saba da shi. Toh ka ɗauka an wayi gari an buɗe ƙofofin dam an kwararo ruwan tafki sati da satuttuka ba tsayawa, sai gishirin ya tsinke, kawa kuwa ba ta da ƙafar gudu, a manne take a wuri ɗaya, za ta rufe bakinta na ɗan lokaci tana jira amma in abin ya ɗore mutuwa za ta yi. Kuma ita ce mai tace ruwan, babbar kawa ɗaya tana iya tace har galan 50 a rana in yanayi ya yi mata daidai, kenan an kashe mai wanke wurin a daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Shi tafkin fa ƙato ne, kusan murabba'in kilomita 1,900, amma ba zurfi, matsakaicinsa bai kai mita 3 ba. Asalin halittarsa in ya cika kudu yake malalawa a hankali zuwa fadamun Everglades. A 1928 guguwa ta ture ruwan ya afka wa garuruwan gefe, mutane aƙalla 2,500 suka rasu, shine aka zagaye shi da ganuwar Herbert Hoover mai tsawon mil 143, kudancin kuma ya koma gonaki, galibi na rake. Yanzu in damina ta yi ƙarfi ruwan ya taso, injiniyoyin sojan Amurka masu kula da ganuwar sai su sake shi gabas ta kogin St. Lucie, yamma kuma ta Caloosahatchee. Ni dai ban ga laifinsu wajen tsoron ɓallewar ganuwa ba, rayukan mutane ne a bayanta. Abin da ke ƙona min rai shine St. Lucie tun asali ba shi da haɗi da tafkin nan sam, hanyar ruwa aka haƙa aka jona su, sannan aka mai da shi wurin zubar da abin da ya yi yawa.

Ga shi ruwan ba ma mai tsabta ba ne. Shekara da shekaru takin zamani da kashin shanu suna gangarowa daga arewa ta kogin Kissimmee, sinadarin fosfarus ya taru a laka a ƙasan tafkin, in zafi ya yi sai gansakuka mai guba ta rufe saman ruwa. Gubarta ana ce mata maikurosistin, hanta take taɓawa. A 2016 gansakukar ta mamaye ruwan garin Stuart da ke bakin kogin St. Lucie, kauri kamar kunu, ga wari, har gwamnan jihar na lokacin Rick Scott ya ayyana dokar ta-ɓaci, an rufe bakin ruwa, masu jiragen haya da masu kai mutane kamun kifi suka zauna hannu rabbana. 2018 aka sake maimaitawa. Ko babu gansakukar ma ruwan launinsa baƙi ne, yana tare hasken rana, ciyawar ƙasa ta mutu, ƙananan kifaye su rasa mafaka.

Amma fa kar a ce a rufe ƙofa gaba ɗaya shikenan. Caloosahatchee da rani yana buƙatar ruwan daɗin nan, in aka hana shi gishiri ya hauro sama ya kashe ciyawar da ke can ciki. Magana ce ta yawa da kuma lokaci.

An ɗan motsa, gaskiya. An gama gyaran ganuwar a 2023, a shekarar kuma aka fara aikin babban ma'ajin ruwa a kudancin tafkin dan a riƙa tarawa ana tacewa a tura Everglades, sannan a 2024 sabon tsarin sakin ruwa mai suna LOSOM ya fara aiki, wanda aka tsara dan rage abin da ake turawa St. Lucie. Sai dai babban shirin farfaɗo da Everglades ɗin tun 2000 majalisar Amurka ta amince da shi, ma'ajin kuma har yanzu gini ake, kafin a gama duk daminar da ta zo da ƙarfi ƙofofin nan biyu dai za a sake buɗewa.