Abin da manhajar kariya ba za ta yi wa Windows 10 ba

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, tambaya ɗaya abokan aiki suke yi mini: tunda akwai manhajar kariya daga ƙwayoyin cutar kwamfuta a na'urarsu, mene ne abin damuwa? Tambayar tana da tushe, domin Microsoft Defender, wato manhajar kariyar da ke zuwa tare da Windows, zai ci gaba da samun sabbin bayanan gane ƙwayoyin cuta a Windows 10 har zuwa Oktoban 2028.

Sai dai aikin manhajar kariya daban ne da na sabuntawar tsaro. Manhajar mai gadi ce, tana tare ɓarawon da ta san fuskarsa ko ta ga take-takensa, ita kuwa sabuntawar da ke zuwa ranar Talata ta biyu a kowane wata, ita ce ke liƙe ɓarakar da aka gano a jikin tsarin kansa. Idan aka daina gyaran, duk ɓarakar da aka gano daga baya haka za ta zauna a buɗe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

An ga haka a watan Mayun 2017, lokacin da WannaCry, wata ƙwayar cuta mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa, ta bazu zuwa ƙasashe fiye da 150, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila. Ta hanyar musayar fayiloli ta Windows take shiga, ba tare da mai kwamfuta ya danna komai ba, alhali tun watan Maris Microsoft ya fitar da gyaran wannan ɓaraka. Kwamfutocin da ba a sa wa gyaran ba su ta kama.

Abin da ya fi damuna shi ne, da yawa daga cikinmu kwamfutoci na hannu muke saye, kuma tsofaffin cikinsu ba su da TPM 2.0, wato ɓangaren tsaro na cikin na'ura da Windows 11 ke buƙata. Ga mai irin wannan na'ura, a shekarar 2025 Microsoft ya buɗe shirin ESU na ƙarin sabuntawar tsaro, wanda ya ce a lokacin zai kai har 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30 ko maki 1,000 na Microsoft Rewards (makin tukuici da ake tarawa ta amfani da kayan Microsoft), matuƙar kwamfutar tana kan 22H2, wato sigar ƙarshe ta Windows 10. Wa'adin da aka sanar a lokacin shekara ɗaya ne kacal, shi ya sa na sa Linux Mint, wani tsarin sarrafa kwamfuta da ba Windows ba, a tsohuwar kwamfutata, kuma a kanta nake yin duk harkar banki yanzu.