Kwana biyu a Kwarin Mutuwa da mota marar tankin mai

Sai da Kawu ya zagaya motar sau biyu kafin ya yarda ya shiga. Ya ɗaga but ya leƙa, ya ga katifa, barguna, tukunya, buta da jarkokin ruwa uku. Ya ce, "To, ina jarkar mai?" Na ce, "Kawu, wannan ba ta shan mai, caji ake yi mata kamar waya." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ita wayar taka sau nawa take mutuwa a rana?"

Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana jan babbar mota tsakanin Kano da Agadas ba ya yi wa hamada wasa. Ya zo Amurka ganin jikoki, zaman ɗaki ya ishe shi, ni kuma na ce bari in kai shi Death Valley, wato Kwarin Mutuwa, gandun da ke kan iyakar Kalifoniya da Nebada. Da na fassara masa sunan sai ya yi salati. Sunan ya samo asali ne daga wasu masu neman zinariya da suka maƙale a wurin a 1849. Mutanen Timbisha kuwa, da kakanninsu suka riga kowa zama a kwarin, har gobe suna nan a cikinsa.

Mun bar Las Vegas da hantsi, cikin watan Janairu. A garin Pahrump na cika batir har kashi 95, domin daga nan sai daji. Hanyar takan ɗan hau, sannan ta fara zubowa ƙasa, kuma a gangaren nan Kawu ya fara kula da allon motar. Lambar cajin batir da take ta raguwa tun safe ta tsaya cak, can sai ta ƙaru da ɗaya. Ya nuna da yatsa. Na yi masa bayani cewa in ana gangara, injin da ke juya tayoyin shi ne ke komawa janareto, nauyin motar ya riƙa tura wuta cikin batir, ba sai an taka birki ba. Ya yi shiru, sannan ya ba ni labarin wani direba da birkinsa ya ƙone a gangaren Jos da lodin doya. Daga lokacin ya naɗa kansa mai tsaron lamba. Ko waya na ɗauka sai ya sanar da ni abin da ya rage.

Daren farko a sansanin Texas Springs muka yi shi, a kan tudu kaɗan sama da Furnace Creek, ɗan ƙauyen da ke cikin kwarin. Babu wutar lantarki a wurin, kuma an hana kunna janareto, shi ya sa na zaɓe shi. Muka kwantar da kujerun baya, muka shimfiɗa katifa, na toshe tagogi da kwalin da na yanka tun a gida. A nan motar lantarki ta fi kowace mota da na taɓa kwana a ciki. Sai ka bar na'urar ɗumama ɗaki tana aiki har asuba, ba ƙarar inji, ba hayaƙin da zai shaƙe ka cikin barci. Da rana zafin bai kai digiri 20 ba, amma da dare sanyi ya sauko kusan digiri 4, irin sanyin hunturun nan mai fasa leɓe, sai dai babu ƙura. Wanda ya ji wannan sanyi da wuya ya yarda cewa a nan ƙasa, a Furnace Creek, aka auna digiri 56.7 ranar 10 ga Yuli, 1913.

Da za mu yi magariba Kawu ya shimfiɗa darduma ya fuskanci gabas, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Na ce masa alƙiblar nan arewa take, ta ɗan karkata gabas. Bai yarda ba sai da na nuna masa a waya, kuma ko da ya juya dardumar yana ta ƙunƙuni. Bayan isha muka zauna a bakin but da shayi. Taurari sun cika sama dam, har farin zanen nan da ke ratsa tsakiyarta ya fito sarai. Kawu ya nemo Kaza da 'Ya'yanta, ya nuna mini Zara, ya ce rabonsa da ganin sama haka tun kwanan da ya yi a hanyar Tawa mota ta lalace. Ɗumin daren ya ci mana kashi 10.

Washegari muka gangara Badwater, wuri mafi zurfi a duk Arewacin Amurka, mita 86 ƙasa da doron teku. Can sama a jikin dutse an liƙa allo mai nuna inda ruwan teku zai tsaya, sai ka ɗaga kai sosai kafin ka hango shi. Filin gishiri ne fari fat, ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Kawu ya durƙusa ya lakato da yatsa ya ɗanɗana, ya tofar. Ya ce bai kai kantun Bilma ba, wanda raƙuma ke kawowa Agadas. Ban taɓa zuwa Bilma ba, don haka ban yi gardama ba.

Ni na kawo shawarar hawa Dante's View, wani ƙoƙuwar dutse da ake hango kwarin daga kanta, kuma ni na kusa yin da-na-sani. Daga ƙasan teku zuwa mita 1,669, hanya tana ta murɗewa, ƙarshenta kuma miƙe take kamar tsani. Lambar ta riƙa zubewa, Kawu yana karantawa da ƙarfi kamar mai kiran sunaye a aji. Daga sama kuwa ka ga gishirin da muka taka da safe shimfiɗe kamar farin zane, ga dutsen Telescope a tsallake da ƙanƙara a kansa. A saukowa motar ta mayar mana da wani abu, amma ba duka ba. Kawu ya ce haka bashi yake.

Mun isa sansanin Furnace Creek da yamma da kashi 24. Hankalina kwance, don na kama wuri mai turken lantarki tun makonni da suka wuce, irin wanda manyan motocin kwana ke jonawa. Na buɗe jakar wayar caji, na zazzage ta, na sake zazzagewa. Kan da ke shiga babban soket ɗin yana can gida a kan shiryayye. Abin da ke hannuna shi ne kan soket na bango, wanda a awa guda bai fi ya ƙara maka kilomita shida ba.

Na zauna na yi lissafi a bayan rasit. In muka kunna ɗumi, abin da ke shigowa shi zai riƙa fita. In muka kashe, zuwa safe za mu samu abin da zai kai mu garin Beatty, inda akwai caji mai sauri. Na faɗa wa Kawu cikin jin kunya. Ko a jikinsa. Ya ce, "Ɗana, mu da muka kwana a ƙarƙashin mota da buhu?" Ya tafasa ruwa a ɗan murhun gas, ya cika gorar ƙarfe, ya naɗe ta da rawani ya tura ƙarƙashin bargo wajen ƙafafu. Ya sa ni na saka safa biyu da hula. Shi ya yi ta minshari, ni kuwa sau uku ina farkawa ina goge raɓar gilashi don in ga ko koren fitilar cajin tana ƙiftawa.

Da asuba muna da kashi 43. Kawu ya nace sai ya taka yashin Mesquite Flat, muka ɗan karkata. Ya cire takalmi ya hau tudu ɗaya, ya duba sawun ƙadangare da na ɓera, ya dawo ya ce yashin ya yi, sai dai kaɗan ne. Daga nan muka kama hawan Daylight Pass, sama da mita 1,300, ina tafiya a hankali, ɗumi a kashe, hannuwana sun ƙage a kan sitiyari. Babu mai magana sai lamba.

Mun shiga Beatty da kashi 13, jakunan jeji biyu suna tsaye a gefen titi ba su ko kula mu ba. Na jona motar. Kawu ya fito ya tsaya a gaban allon cajin, hannuwa a baya, yana kallon lambar tana hawa. Da ta kai 60 na ce mu tafi, ya ishe mu zuwa gida. Ya ce a'a, a bari ta cika.