Shago a ƙasa, gida a sama

A watanni ukun farko da na yi a Manila, bayan na biyo maigidana da ya zo karatun likitanci, ban san ko'ina ba sai masallacin Quiapo, inda muke samun naman halal, da kasuwar Divisoria, inda nake sayen yadin da nake yi wa ɗalibai 'yan Afirka ɗinki. A kasuwar na haɗu da matar da ta koya mini zaman garin, jinin Sinawa haifaffiyar Filifin, cikin waɗanda ake kira Tsinoy. Ma'aikatanta suna ce mata Achi, wato babbar ya a harshen Hokkien, ni ma na bi sahu.

Shagonta yana ƙasa, iyalinta suna sama, kamar gidaje da yawa a wajejen Binondo, unguwar Sinawan da aka kafa tun 1594. Da la'asar 'yarta takan dawo daga makaranta, ta jefa jaka a kan dilar yadi, ta zauna bakin akwatin kuɗi tana aikin gida tana ba da canji. Haka aka raini uwar, kuma ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ba, domin Teresita Sy-Coson, shugabar bankin BDO, a shagon takalman mahaifinta Henry Sy ta fara koyon ciniki.

Ban taɓa jin ta tsawata wa ma'aikaci a gaban mutane ba, saboda kunyata mutum a nan babban laifi ne. Wanda ya yanka yadi ba daidai ba, bayan shago take jan sa. Da na zama suki, kalmarsu ta abokin ciniki na kullum, ta fara ba ni kaya bashi ba tare da sa hannu ba, sai layi ɗaya a littafinta. Ranar da na makara da biya kwana biyu, lafiyar maigidana kawai ta tambaya, kuma kafin azahar na kai kuɗin.

Na daɗe ina mamakin yadda take riƙe gida da shago kwana bakwai a mako, har na lura da mai rainon ƙaramin ɗanta. Da kalmar "yaya" suke kiran mai raino, abin da ya ba ni dariya da farko, ganin ma'anar kalmar a wurinmu. Dariyar ta tsaya da mai rainon ta gaya mini cewa nata 'ya'yan biyu suna wani tsibiri a hannun kakarsu, sai lokacin Kirsimeti take ganin su.