Daga Damagaram zuwa kogon Mambila

Jama'ar Damagaram, na dawo gida lafiya, alhamdu lillahi. Masu tambayar ina na ɓace, Mambila na tafi, can jihar Taraba ta Najeriya, wajen wani ɗan'uwanmu da ke kasuwanci a Gembu.

Hanyar da nisa, daga Kano zuwa Jalingo, sai Serti. Daga Mayo Selbe mota ta fara hawan dutse tana lanƙwasa, kunnuwana suka toshe. Tsaunin ya kai kusan mita 1,600 a sama da teku, shi ya sa sanyi bai barin wurin. Ciyawa shar ko'ina, shanun Fulani a ƙoshe, ga gonakin shayi na Kakara. Mu da muke shan wannan ganye dare da rana, ban taɓa ganin itacensa ba sai can.

Amma wani kogo da muka shiga a can ne ya tsaya mini a rai. Mu 'yan unguwar Birni ta Damagaram mun san duwatsu, sai dai namu busassu ne, rana ta gasa su. Wannan kuwa jiƙe yake, gansakuka ta lulluɓe bakinsa, ruwa na ɗiga daga sama. Da muka shiga da tocila, jemagu suka tashi gaba ɗaya. Warin kashinsu kam, a bar zancen! Yaron da ya raka mu ya ce in cire silifas don santsi, na cire.

Wanda zai je, ya bari sai rani, da damina hanyar ƙauyukan laka ce zalla. Kuma ya ɗauki rigar sanyi mai kauri.