Tarihin Rayuwata, Kashi Na Tara: Yadda Tsagen Iya Ya Ɓace A Cikin Waya

A makon jiya na tsaya ne a daidai lokacin da na bar zane da biro a bayan littattafan makaranta, na koma fensir da takarda mai kauri, bayan da wani dattijo mai koyar da zane a Samaru ya amince in riƙa zuwa wurinsa kowace Asabar. Maganar Baffana da bai taɓa sakin jiki da zana fuskar mutum ba, na riga na yi ta a kashi na huɗu, don haka ba zan maimaita ba. Yau labarin zanen Iya zan bayar, wato kakata ta wajen uba, wadda ta rasu a gidanmu da ke kusa da Ƙofar Doka a shekarar 2016.

Iya ba ta son kyamara, saboda haka hotonta guda ɗaya ne a gidan, ɗan ƙarami wanda aka ɗauka lokacin da za ta tafi aikin Hajji, shi ma ya koɗe. Da shi na dogara, sai kuma abin da idona ya riƙe. Mako uku na yi ina aikin. Na shimfiɗa launin fata da fensir mai lamba 2B, na zurfafa inuwar mayafi da 6B, sannan na feƙe HB har ya zama kamar allura domin tsagen da ke kumatunta, wanda tsufa ya sa ya lafe cikin tamoji har sai wanda ya san ta ne zai bambance tsaga da tamoji. Nan ne na fi daɗewa, ina ja ina gogewa, domin na san duk wanda ya tashi a hannunta wurin zai fara duba.

Daren da na gama, zumuɗi bai bar ni na jira gari ya waye ba. Na jingina takardar da bango, na ɗauke ta da waya tare da hasken kyamara, ban san cewa fensir mai laushi yana ƙyalli idan haske ya doke shi kai tsaye ba, sai gefen mayafin ya fito fari tas. Na buɗe hoton na rage haske na adana, na sake buɗewa na yanke gefe na adana, washegari na ƙara masa duhu na adana, kuma kowane karo a kan na farkon nake dannewa. Daga nan na tura wa dangi, na ɗora a shafina, yabo ya yi ta shigowa. Da wayar ta cika, sai na share nawa, a tunanina ai yana hannun kowa, ga kuma takardar nan a naɗe a saman sif.

Daminar 2018 ce ta yi mini hukunci. Rufin ɗakina ya yi yoyo daidai kan sif alhali ina Kano wurin biki, kafin in dawo takardar ta jiƙe ta manne, baƙin ruma ya cinye rabin fuskar. Ban ruɗe sosai ba, na kira Goggo a Kaduna na roƙe ta ta turo mini wanda ke wayarta. Ashe nata ma ɗanta ne ya tura mata, shi kuma ba sauke hoton ya yi ba, hoton fuskar wayarsa ya ɗauka yana kallon shafina. Na kai wani shagon buga hotuna na ce a fitar mini da shi babba. Abin da aka miƙo mini wata tsohuwa ce mai santsin fuska, kumatunta cike da ƙananan murabba'ai kamar saƙar tabarma, tsagen kuwa ya narke cikin toka-toka. Da Goggo ta zo ta gani, ta daɗe tana juya takardar, sannan ta ce, "Ɗana, mayafin dai na Iya ne, amma ita tana ina?"

Na ɗauki abin na tafi Samaru. Malam ya sa tabarau ya duba, ya tambaye ni sau nawa na adana hoton, na ce ban ƙirga ba. Sai ya ce in tuna awon hatsi a kasuwa: idan aka zuba dawa daga mudu zuwa mudu, kowane zubi sai wasu ƙwayoyi sun faɗi, kuma ba sa komawa. Ya bayyana mini cewa yawancin hotunan waya a tsarin JPEG suke, wanda aka fitar a 1992 domin a rage nauyin hoto. Tsarin yana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance, sai ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da ake ganin ido ba zai kula da su ba. A hoton biki ko na mota wannan ba ya damun kowa, amma a zanen fensir waɗannan siraran layuka su ne aikin gaba ɗaya. Buɗe hoto a kalla ba ya rage masa komai, kwafe fayil daga wuri zuwa wuri ma haka. Gyara da sake adanawa ne ke maimaita zubarwar, kuma manhajojin zumunta sukan ƙara matse hoto don a rage cin data.

Na ce, "Malam, to babu yadda za a dawo da shi?" Ya ce, "Abin da aka zubar ya tafi, yaro. Manhajar da za ta ce ta gyara maka, ƙirƙiro wata fuska za ta yi." Ya kuma tuna mini cewa a garin nan na Zariya ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, a kwalejin da ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma shi kansa a cikin littattafai ya fara ganin yawancin ayyukansu. A ganinsa, mai zanen da bai damu da yadda ake ɗaukar aikinsa ba ya bar wa wasu su yanke abin da duniya za ta gani da sunansa.

Tun daga ranar na sauya hali. Duk zanen da na gama, kafin kowa ya gan shi sai na kai shi kan sikana, wato na'urar da ke kwafe takarda zuwa cikin kwamfuta, a ɗauka da ɗigo 300 a kowane inci, wanda a takardar A4 yake ba da ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Idan zanen ƙarami ne nakan ce a yi 600. Ina adana shi a tsarin PNG ko TIFF, waɗanda ke riƙe kowane ɗigo yadda yake ko da an sake adanawa. Wannan fayil nake kira uwa, kuma ba na taɓa shi. Idan zan gyara ko zan ɗora a Facebook ko Instagram, sai in ciro masa ɗa in yi aiki a kansa. Uwar tana kwamfuta, tana cikin filas, na kuma aika wa kaina ita ta imel. Zanen da ya fi ƙarfin sikana kuwa, da safe nake fitar da shi inuwar zaure, in kashe hasken kyamara, in daidaita wayar da takardar don kada fuskar ta karkace. Idan wanda na yi wa zane yana son ya buga nasa, a matsayin fayil nake tura masa ta WhatsApp, ba a matsayin hoto ba, domin ko zaɓin HD da aka ƙaro a 2023 yana ɗan matsewa. Wasu sukan yi ƙorafin nauyi da cin data, ni kuwa nakan ce su yi haƙuri su nemi inda sabis ke da ƙarfi.

A 2019 na sake zana Iya daga ɗan hoton Hajjin nan. Hannuna ya fi gwanancewa, inuwar ta fi kyau, amma ƙwaƙwalwata ta fara sakin wasu abubuwa. Na ɗauke shi da sikana, sannan na kai wa Goggo takardar kanta. Ta matso da ita kusa da taga, ta bi kumatun da ido, ta ce, "Yanzu ka zo da magana. Sai dai tsagar hagu ta ƙarshe ta fi haka tsawo, Iya takan ce hannun wanzamin ne ya goce." Na zaro HB daga aljihu na ƙara layin a gabanta har ta ce ya isa, washegari kuma na koma layin sikana da takardar a cikin leda biyu.